Masara Mai Fumfuna: Ina Gubar Take Zuwa Bayan Jiƙo, Niƙa da Tata?

Tambaya: Wata Hajiya mai sana'ar koko da ƙullun banku a unguwar Aboabo da ke Kumasi ta ce ta sayi buhu huɗu na masarar Ejura da rahusa a watan Satumba. Da ta kwance bakin buhunan sai ta tarar wasu ƙwayoyin sun yi kore-kore, wasu sun yi baƙi, ga kuma warin gumi yana tashi. Tana so ta san ko jiƙon kwana uku da tsami da tafasa sun isa su kashe abin da ke ciki, sannan ko za ta iya sayar da dusar ga maƙwabtanta masu kaji da tumaki da shanun tatsa kamar yadda ta saba.

Amsa: Hajiya, Allah ya sa albarka a sana'a, ya kuma saka miki da alheri da kika tsaya kika tambaya kafin ki zuba masarar nan a ruwa, domin da yawa daga cikin masu sana'a irin taki, da zarar sun tuna kuɗinsu ya riga ya fita, sai su wanke su kai injin niƙa su bar wa Allah sauran. Amsar tambayarki ta farko ita ce a'a, jiƙo da tsami da tafasa ba sa kawar da wannan guba. Ta biyun kuwa ta fi buƙatar bayani, saboda dusa ce matattarar mafi yawan gubar, kuma dabbobin da kika lissafa ba ɗaya suke ba wajen jure mata.

Abin da ya kamata a fara rabewa shi ne, fumfuna daban, gubar da take fitarwa daban. Fumfuna halitta ce mai rai, tana tsiro tana yaɗuwa, kuma wuta tana kashe ta. Gubar kuwa sinadari ne marar rai wanda fumfunar ta riga ta zuba a cikin ƙwayar masara tun tana raye, kuma mutuwarta ba ta janye abin da ta zuba, kamar yadda murƙushe kunama bayan ta yi harbi ba ya fitar da dafin daga yatsa. Kore-koren nan da kika gani, mai kama da garin kuka da ya sha iska, shi ne kamannin fumfunar da masana suke kira Aspergillus flavus, wadda mazauninta ƙasar gona ne, kuma gubarta ita ce afalatoksin. Ita gubar ba ta da launi da ido zai gani, ba ta da ɗanɗano, ba ta da wari. Warin da kika ji na fumfunar ne da na laima.

Duniya ba ta san wannan guba ba sai a shekarar 1960, lokacin da 'yan talotalo kimanin dubu 100 suka mutu a gonakin kiwo na Ingila ba a san dalili ba, har aka bi sawu aka gano cewa tunkuzar gyaɗa da aka shigo da ita daga Birazil aka haɗa musu a abinci, ita ce ta ɗauko musu ajalinsu. Ki lura da wannan, domin ya shafi tambayarki kai tsaye: tun ranar farko, a cikin ragowar sarrafa amfanin gona da ake ba dabbobi aka fara kama ta. Masara kuma tana da wata guba ta biyu mai suna fumonisin, wadda masana a Afirka ta Kudu suka tantance a 1988, daga wata fumfuna dabam da ke sa ƙwaya ta yi fari-fari ko ja-ja tun tana jikin goyo a gona. Sau da yawa biyun suna haɗuwa a buhu ɗaya.

Da kika ambaci Ejura da watan Satumba, kin riga kin faɗa mini rabin labarin. Yankin nan na tsakiya, daga Ejura zuwa Nkoranza da Techiman da Wenchi, damina biyu yake yi, kuma masarar babbar damina ana cire ta ne a Agusta da Satumba, daidai lokacin da ruwan ƙaramar damina yake shigowa, sama a lulluɓe, rana ba ta da ƙarfin busar da komai. Manomi yana bukatar kuɗi ya sake shuka, sai ya ɓare ya shanya kwana biyu a ƙasa ko a gefen kwalta, hadari ya taso ya tattara ya rufe da leda, washegari ya ɗura a buhu. Masara ba ta zauna lafiya a buhu sai laimar da ke cikinta ta sauko zuwa kashi 13 cikin ɗari ko ƙasa da haka, alhali wadda aka ɗura a irin wannan yanayi ta fi haka nesa ba kusa ba, sai ta yi ta gumi a cikin mota da sito, kuma ɗumi da laima su ne abin da fumfunar nan take nema. Masarar ƙaramar damina da ta arewa, irin ta Tumu da Tamale, sun fi samun bushewa saboda hunturu, amma kada ki ɗauka sun tsira gaba ɗaya, domin idan fari da zafi suka matsa wa shuka lokacin da take cika ido, ko tsutsa ta huda goyo, fumfunar tana shiga tun a gona. Tsutsar nan mai cin masara da ta shigo Ghana a 2016 ta ƙara buɗe mata ƙofofi. Rahusar da aka yi miki kuwa, a ganina, mai sayarwar ya san abin da ke cikin buhunsa. Araha ba ta ado.

Yawan gubar da ke cutarwa ƙanƙani ne ƙwarai, shi ya sa ake auna ta da mikirogiram, wato kashi ɗaya cikin miliyan na giram. Amurka ba ta yarda abincin mutane ya wuce mikirogiram 20 a kowane kilo ba, Tarayyar Turai kuma 4 kacal ta yarda da shi a hatsin da za a ci kai tsaye, kuma Hukumar Kula da Ma'auni ta Ghana ita ma tana da iyakarta ga masara da gyaɗa. Idan kika lissafa da ma'aunin Amurka, buhu mai kilo 100 gaba ɗayansa miligiram 2 ne iyakarsa, abin da bai kai nauyin ƙwayar gero guda ba. Sannan gubar ba ta bazu daidai a cikin buhu. Tana taruwa ne a cikin 'yan ƙwayoyi ƙalilan waɗanda kowace ɗaya za ta iya ɗaukar ninki dubbai na abin da maƙwabciyarta ta ɗauka, har ya zama cikin tafin hannu na ruɓaɓɓun ƙwayoyi ya isa ya ɓata buhu sukutum idan aka niƙa su tare. Wannan rashin daidaito shi ne tushen haɗarin, kuma shi ne kaɗai hanyar da mai sana'a take da ita ta kuɓuta, kamar yadda zan bayyana.

Cutarwar iri biyu ce. Akwai ta gaggawa, wadda take faruwa idan aka ci guba mai yawa cikin 'yan kwanaki, hanta ta gaza, ido ya yi shawara, amai ya taso, ciki da ƙafafu su kumbura. Haka ya faru a gabashin Kenya a 2004, inda mutum 317 suka kwanta, 125 suka rasu, kuma masarar da suka noma da hannunsu ce, an cire ta cikin ruwan sama an adana da laima. Amma wadda ta fi damuna game da Zangonninmu ita ce ta sannu a hankali, wadda ba ta kwantar da kowa yau ko gobe. Cibiyar binciken cutar daji ta Hukumar Lafiya ta Duniya da ke Liyon a Faransa ta sa afalatoksin a rukunin farko na abubuwan da aka tabbatar suna haddasa daji ga ɗan Adam, rukuni ɗaya da hayaƙin taba, kuma hanta take kamawa. Idan mutum yana ɗauke da ciwon hanta nau'in B, wanda ya yawaita a ƙasar nan, haɗarin da gubar take jawo masa yakan ninka na wanda ba ya ɗauke da shi kimanin sau 30. Rigakafin wannan ciwo ya shiga allurar yara a Ghana ne a 2002, saboda haka yawancin waɗanda aka haifa kafin nan ba su samu ba. Ga yara kuma, binciken da aka yi a Jamhuriyar Benin da Togo aka wallafa a 2002 ya nuna cewa gubar tana ƙaruwa a jinin yaro bayan yaye, kuma yaran da suka fi ɗauke da ita su ne suka fi tsumburewa. Ba ita kaɗai ce ke hana yaro girma ba, amma ki duba layin da ke gaban teburinki da asuba: uwa ce da kofin ɗan yaye, da tsoho marar haƙori, da mai jinya da aka aiko ya saya wa majinyaci. Koko abincin marasa ƙarfi ne, kuma kullum suke shan sa.

Yanzu mu bi masarar mataki-mataki, mu ga inda gubar take raguwa da inda take wucewa ba a taɓa ta ba.

Babu matakin da ya kai tsincewa amfani, kuma shi ne wanda injin niƙa ya sa muka yi wa riƙon sakainar kashi. Na tashi ina ganin mahaifiyata tana baza hatsi a faifai a tsakar gida tana fitar da ruɓaɓɓe ɗaya bayan ɗaya kafin ya shiga turmi, kuma a lokacin na ɗauka tsabar tsantseni ne na tsofaffi, sai da na shekara da shekaru ina aikin gwajin abinci na gane cewa abin da take yi da yatsu ya fi duk wani mataki da ke biye da shi. Tunda gubar a cikin ƙwayoyi ƙalilan take, fitar da masu launi, da masu huji, da tsumburarru, da fasassu yana ɗauke kaso mafi girma. Bakace yana biye, domin gutsattsari da ƙura da ɓurɓushin totuwa sun fi ƙwaya lafiyayya ɗaukar guba. Sai wanki: idan kika zuba masara a ruwa mai yawa kika motsa, duk abin da ya taso sama ƙwaya ce da ƙwari ko fumfuna suka cinye cikinta, sai a kwashe a zubar. Binciken da aka yi a Benin kan abincin masara irin namu ya nuna cewa tsincewa da bakace da wanki da surfe, idan aka haɗa su, su ne suke yin aikin rage gubar, tsami da dafuwa kuwa abin da suke ƙarawa kaɗan ne.

Surfe yana taimakawa saboda fumfuna daga waje take shiga, ta fara da ɓawo da ɗan bakin da ƙwaya take manne da totuwa, sannan ta zauna a idon masara, wato wurin tsiro, inda mai yake. Idan aka surfa aka fitar da waɗannan, farin tsakin da ya rage shi ne mafi tsabta a cikin ƙwayar. A nan ne sana'o'inki biyu suka rabu. Koko ana tace shi a rariya ko ƙyalle, dusa ta fita, gasara ta kwanta, saboda haka wani kaso na gubar yana tafiya da dusar. Ƙullun banku da na dokunu kuwa da ɓawonsa da idonsa ake niƙa shi, ba a fitar da komai, don haka duk abin da ya shiga bakin injin yana cikin ƙullun da za ki auna wa mai saye. Tuwon zafi da aka yi da surfaffiyar masara ya fi su duka sauƙi ta wannan fuska. Sai dai surfe yana da iyaka: ƙwayar da ta ruɓe har ciki, gubar ta ratsa farin ma, surfe ba ya cetonta.

Jiƙo yana fitar da wani abu na fumonisin, domin ita tana narkewa a ruwa, amma afalatoksin da ƙyar take narkewa, tana nan manne da ƙwayar. Saboda haka ruwan jiƙon farko a zubar da shi a kwata, kada a ba dabba, kada a sake jiƙa wata masarar da shi. Tsami kuwa yana hana wasu ƙwayoyin cutar ciki yaɗuwa, wannan gaskiya ne, amma masana a Cibiyar Binciken Abinci da ke Accra sun bi ƙullun dokunu tun shekarun 1990 sun tarar gubar tana ratsa jiƙo da tsami ta fito a ɗaya gefen. Game da wuta, afalatoksin ba ta rushewa sosai sai zafi ya haura digiri 250, alhali ruwa a digiri 100 yake tafasa, kuma koko ruwan zafi kawai ake sheƙa masa ko a ba shi tafasa ɗaya. Dokunu da yake daɗewa a wuta sa'o'i yakan rage wani kaso, amma ragi ne, kuma idan abin da aka fara da shi ya ninka iyaka sau goma, ragin ba ya dawo da shi inda za a ci. Wasu suna kawo misalin Meziko, inda ake dafa masara da farar ƙasar gini kafin a niƙa, kuma hakan yana rage gubar ƙwarai, sai su ce ai mu ma muna sa kanwa. Ɗan ƙanƙanin kanwar da ake jefawa a tukunya ba daidai yake da dafa ƙwaya a ruwan farar ƙasar gini mai ƙarfi a kuma wanke ta ba, kuma ba zan shawarci kowa ya dogara da shi ba.

Niƙa ba ya rage komai, ɓoyewa kawai yake yi. Da zarar ƙwaya ta zama gari ko ƙullu, babu idon da zai sake raba mai kyau da marar kyau, shi ya sa a kasuwanninmu masarar da ta ƙi sayuwa a tsaba take ƙarewa a gari. Wannan ne dalilin da nake ce wa iyaye mata su sayi tsaba su tsince da kansu, musamman idan garin tom-burawun na yaye za su yi, wanda ake haɗa masara da gyaɗa, abubuwa biyu da wannan fumfuna ta fi so a duniya. Injin unguwa ma yana da nasa: wanda ya niƙa kafin ke yana bar miki ragowarsa a cikin faranti, kuma injin da ba a wanke ba ya kwana da ɗanyen ƙullu gona ce ta fumfuna.

Mu zo ga dusa. Abin da surfe da tata suka cire daga abincin mutane bai ɓace ba, wuri ya sauya, ya kuma taru a abu mafi ƙanƙanta. Ga misali na lissafi kawai: a ce buhu mai kilo 100 yana daidai kan iyakar mikirogiram 20, a ce dusar da ta fita kilo 20 ce, kuma ta ɗauke rabin gubar. Wannan dusa tana da mikirogiram 50 a kowane kilo, ninki biyu da rabi na masarar da ta haife ta. Manyan masana'antu ma haka suke fama. Inda ake fitar da sitaci daga masara, sitacin yakan fito kusan tas, gubar ta koma cikin ɓawo da ido da sauran ragowar da ake sayar wa masu haɗa abincin dabbobi. Inda ake yin man fetur na masara a Amurka, sitaci ne yake juyewa ya zama mai, kuma shi ne kusan kashi biyu cikin uku na ƙwayar, sai ragowar kashi ɗayan ta riƙe gubar duka, ta ninka sau uku. Man girki na masara da aka tace a masana'anta shi ne wanda ba a damu da shi ba, domin tacewar tana fitar da ita. Dusar koko kuma tana da ƙarin matsala da ta masana'anta ba ta da shi: jiƙaƙƙiya take fitowa, kuma idan aka tara ta a buhu ko aka shanya ta da kauri a wannan yanayi na Kumasi, sabuwar fumfuna take tsirowa a kanta, ta ƙara guba a kan wadda ta gada.

A cikin dabbobi, 'yan agwagi da talotalo ne suka fi saurin mutuwa, sai 'yan tsaki. Manyan kaji sun fi juriya, amma juriyar tana da tsada: ƙwai ya ragu, girma ya tsaya, allurar rigakafi ta ƙi kamawa, kuma idan aka yanka a ga hanta ta kumbura ta yi fari tana marmashewa. Na taɓa zuwa wurin wani mai kiwo a bayan gari wanda ya sauya magani sau uku yana zargin annoba, da muka buɗe ɗakin ajiyarsa sai ga buhunan dusa sun dunƙule sun yi ɗumi kamar an fito da su daga tanda. Raguna da bijimai manya na kiwon yanka su ne suka fi kowa jurewa, saboda tumbinsu yana rage wani abu, kuma abin da ke sauka a tsokar nama kaɗan ne, ko da yake hanta ta fi riƙewa. Shi ya sa Amurka ta yarda da har mikirogiram 300 ga shanun da ake ƙiwatawa don yanka, amma 20 kacal ga shanun tatsa da ƙananan dabbobi. Doki kuwa fumonisin ce makashinsa, tana lalata masa ƙwaƙwalwa ya riƙa tangaɗi har ya faɗi, saboda haka masu kula da dawakin sarakunan Zango su nisanci ruɓaɓɓiyar masara ko da kyauta ce.

Saniyar tatsa ita ce na fi so ki riƙe a zuciya. Idan ta ci dusa mai guba, hantarta tana juya wani ɓangare zuwa wani nau'i da ake kira M1, wanda yake fitowa a nono cikin kwana guda, kimanin kashi 1 zuwa 6 cikin ɗari na abin da ta ci. Dafa madara ba ya kashe shi, kindirmo yana ɗauke da shi, wagashi ma ya fi madarar da aka yi shi da ita tara shi, domin yana manne wa daskararren ɓangaren nono. Turai ta sa iyakarsa a madara mikirogiram 0.05 a kilo, saboda yara ne masu sha. To kin ga yadda abin yake zagayowa: kin tace koko kin fitar da gubar daga kofin yaro, kin sayar da dusar ga maƙwabci, da yamma uwar yaron ta saya masa fura da nono ko burkina, abin shan nan na gero da madara. An gudu ba a tsira ba. Abin da ke da daɗin ji shi ne, idan aka janye wa saniya gurɓataccen abinci, nononta yana tsarkaka cikin 'yan kwanaki.

Masu haɗa abincin kaji suna zuba wani irin yumɓu na musamman da ke kama afalatoksin a cikin hanji ya fita da ita a kashi, kuma yana aiki, ko da yake ba ya kama fumonisin sosai. An ma gwada irinsa ga mutane a gundumar Ejura-Sekyedumase, da haɗin gwiwar Cibiyar Noguchi ta Jami'ar Ghana da wata jami'a ta jihar Tekzas, aka ga alamun gubar sun ragu a jini da fitsari. Ina faɗar wannan da taka-tsantsan, domin kada wata ta ji ta ce farar ƙasar da masu ciki suke saya a kasuwa magani ce. Wancan yumɓu ne zaɓaɓɓe da aka tantance, na kasuwa kuwa yana iya ɗauke da dalma da wasu ƙarafa masu cutarwa.

Game da buhunanki huɗu, ga hukuncina. Ki juye kowane buhu daban a kan tampol, a fili, kina rufe da hanci da baki domin ƙurar ma ba ta da kyau ga huhu. Duk buhun da kika tarar ya dunƙule, ko cikinsa da ɗumi, ko fumfunar ta game shi har ba a ɗibar hannu guda ba a ga kore ba, wannan ya fita daga abincin mutane da na dabbobi, kuma tsincewa ba za ta gyara shi ba. Ki mayar wa mai shi idan zai karɓa, ki kai maganar gaban shugabannin 'yan hatsi na kasuwar idan ya ƙi, in kuwa ya zauna a hannunki, a ƙone ko a binne da zurfi inda kaji da awaki ba za su tono ba. Kada ki gauraya shi da mai kyau don ya saje, domin hakan ɓata mai kyaun ne kawai. Buhun da ɓarnarsa 'yan ƙwayoyi ne nan da can, ki shanya shi ya bushe ƙayau, ki bakace, ki tsince ba tare da jin tausayin asara ba, ki wanke ki kwashe na sama, ki surfa, sannan ki yi koko ko tuwo da shi, amma ban da ƙullun banku. Tsintar da kika fitar ba ta kaji ba ce, ta wuta ce. Dusar waɗannan buhuna kuma kada ta je wa saniyar tatsa, ko akuya mai shayarwa, ko 'yan tsaki da agwagi, ko doki. Idan ta bushe sarai babu wari, iyakarta manyan ragunan kiwo, kaɗan-kaɗan a cikin harawa da sauran abinci, kuma ki gaya wa mai saye daga inda ta fito.

Duk da haka ido ba ya yanke hukuncin ƙarshe, domin ƙwaya tana iya yin kyau a waje alhali tana ɗauke da guba. Gwaji ne kaɗai yake tabbatarwa, kuma ana yin sa a ɗakunan gwaji na Hukumar Kula da Ma'auni da Cibiyar Binciken Abinci a Accra, da kuma Jami'ar Kimiyya da Fasaha ta Kwame Nkrumah a nan Kumasi. Idan za ki kai samfur, kada ki ɗebo daga bakin buhu kawai. A soka daga sama da tsakiya da ƙasa na kowane buhu, a haɗa kilo da yawa a gauraya, domin cikin kofi ɗaya yana iya kuskure ruɓaɓɓun ƙwayoyin gaba ɗaya ya ba ki sakamakon ƙarya. Na san kuɗin gwaji ya yi wa mace ɗaya nauyi a kan buhu huɗu, amma bai yi wa mata goma da suka haɗa kuɗi suka sayi lodin mota ɗaya nauyi ba, kuma masu saye da yawa a dunƙule su ne dillali yake jin maganarsu.

A sayayya ta gaba, ki sa hannu har tsakiyar buhu ki ji ko da ɗumi, ki ciji ƙwaya ki ji ko ta fashe da ƙara. Akwai kuma gwajin gishiri: ki sami busasshiyar kwalba, ki zuba masara da cokali biyu na busasshen gishiri, ki rufe ki girgiza, ki bar ta ɗan lokaci ki sake girgizawa, idan gishirin ya manne a jikin kwalba masarar ba ta bushe ba. A ɗaki, buhu ya hau katako, ya bar jikin bango. Buhun PICS mai leda biyu a ciki yana toshe iska ya kashe ƙwari ba tare da magani ba, amma busasshiyar masara kaɗai ake ɗura masa. Idan kina da manomin da kike saye a wurinsa kai tsaye, ki tambaye shi ko yana amfani da Aflasafe, wanda cibiyar binciken noma ta IITA da ke Ibadan ta samar tare da masanan jami'ar nan ta Kumasi, aka fara sayar da shi a Ghana a 2018. Ƙwayar dawa ce da aka rina shuɗi aka lulluɓe da irin wannan fumfuna amma marar guba, ana watsa kilo 4 a eka mako biyu zuwa uku kafin masara ta yi fure, sai ta riga mai gubar kama wuri. Ke kuma da yaran da suke taya ki bakace da tata, idan ba ku taɓa yin gwajin ciwon hanta nau'in B ba, ku je asibiti a duba ku, wanda ba ya ɗauke da shi a yi masa allurar rigakafi, wanda yake ɗauke da shi kuma likita ya riƙa bibiyar hantarsa.